Motar da Gwaggo Ta Sani

Tun da muka dawo daga Kachia ban huta ba. A makaranta malamai, a coci 'yan zumuntar mata, har mai sayar mini da tumatir sai da ta riƙe mini leda ta ce, "Malama Rifkatu, wai da gaske ke kika kwanta a ƙarƙashin sitiyari kika gyara mota?" Wasu ma sun ƙara gishiri, wai inji na sauke ni kaɗai. Haba jama'a, ina ni ina inji? Suwic na canja, ɗan abin nan da ke bayan ramin makulli, wanda in an murɗa yake raba wa mota wuta. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga farko.

Babana, Baba Yakubu, direban asibiti ne har ya yi ritaya. Yanzu idonsa ya tafi, sai dai ya bambanta haske da duhu, hannunsa kuma yana rawa. Yaya ɗaya ta rage masa a duniya, Gwaggo Tabita, wadda ta yi aure a wani ƙauyen manoman citta can bayan Kachia. Tsufa ya taɓa mata kai. Da farko sunaye take mantawa, daga baya fuskoki, har ta kai 'ya'yan da ta haifa take wa kallon baƙi. Sai ga waya daga Laraba, matar ɗanta da ke kula da ita: Mama ta daina cin abinci. Ta ce baƙi sun cika mata gida, ita kuma ba ta cin abu daga hannun da ba ta sani ba. An yi lallashi, fasto ya zo ya yi addu'a, an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, aka dawo da ita ta ci gaba da rufe baki.

Baba ya saurara har na gama faɗa masa, ya ce, "Wanke mota."

Motar nan ina goye ya saye ta. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai daga waje take buɗuwa, salansa kuma tana da wani kuka nata na daban, in an ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari. Ni nake kai shi coci da asibiti a cikinta, iyakar tuƙina ke nan, ban taɓa fita da ita daga garinmu Kafanchan ba. Ƙanena Danjuma da ke Abuja ya kira ya ce mu ɗauki shata, kada mu kashe kanmu a hanya. Baba ya karɓi wayar ya tuna masa da zuwansu na bara, da suka je a sabuwar motar Danjuman: Gwaggo ta dubi Baba sama da ƙasa ta ce wa ya kawo mata wannan tsoho, a ba shi ruwa ya wuce. Amma zuwan da ya gabaci wannan, da aka je a tsohuwar, tun motar na kan kwana ta miƙe tana kiran sunansa.

"Fuskata ta manta," in ji Baba, "kukan motar nan ne ba ta manta ba. In ta ji shi za ta san ni, in ta san ni za ta ci daga hannuna."

Gaskiya ban gamsu ba, amma ba ni da wata dabarar da ta fi tasa. Muka ɗora acca da manja da zakara ɗaya a but, Baba ya yi addu'a mai tsawo har da sunan tayoyi, na ce amin, na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa, ko ƙwas. Baba ya laluba ya kama makullin, ya danna shi ciki ya ɗan girgiza, sai ga mota ta tashi. Ya ce suwic ne ya fara gajiya, amma zai kai mu, kada dai in kuskura in kashe ta a hanya.

Mun wuce Kagoro lafiya lau, ina riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace mini shi. Baba ba ya gani, amma da jikinsa yake karanta hanya. "Akwai kwana a gaba, rage." "Sa giya uku, ba kya jin tana roƙonki?" Na ce Baba ka bar ni in ji da abu ɗaya, ya ce shi bai ce komai ba.

Kafin Samaru Kataf muka iso shingen jami'an tsaro. Wani matashi mai fara'a ya leƙo ya gaishe da Baba da ladabi, sannan ya ce, "Madam, a kashe mota, a buɗe but." Na ce ɗana, but zan buɗe maka har ka gaji da dubawa, amma kashewar nan ka yafe mini, in ta mutu ba ta tashi. Ya yi dariya, ya ce kowa haka yake cewa. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi, kuma kowa ya san abin da yankinmu ya sha. Na kashe. Ya duba acca, ya haɗa ido da zakara, ya rufe but ya ce mu sauka lafiya. Na murɗa, Baba ya girgiza, ya danna, ya yi mata magana da yarenmu, mota ta yi ƙememe.

Sai kunya ta kama yaron nan. Ya rataya bindiga a baya, ya kira abokin aikinsa, suka dafa but. Baba ya ce in bar makulli a kunne, in sa giya biyu, in taka kulos, in sun ɗauki gudu in saki. Na farko na saki tun ba a je ko'ina ba, mota ta yi tsalle ta tsaya, na ji ƙirjin mutum ya bugi but. Na biyu ta kama, zakara ya ƙwala cara, muka yi gaba. Ba halin tsayawa godiya. Baba ya zuro kai ta taga yana zuba musu albarka, alhali ɓangaren da ya juya babu kowa sai gonar dawa.

A Samaru ko birki ban taka sosai ba. Wata mai ƙosai ta biyo mu da sassarfa ta miƙo ta taga, muka yi ciniki mota na gangarawa. Shi ne karin kumallonmu, ni ina tuƙi Baba yana sa mini a baki, rabi a baki rabi a haɓa.

Bayan Zonkwa abin ya canja salo. Muka faɗa wani rami, sai fitilun dashbod suka ɗauke gaba ɗaya, inji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya dawo da kansa. Rami na gaba ma haka. Baba ya ce yanzu ba tayarwa kaɗai ba, wutar tafiyar ma ta fara yankewa. Ya kwanto ta gefena ya kama makullin, ya karkata shi daidai inda wuta ke tsayawa, ya riƙe. Haka muka ci gaba, tsoho ya tanƙware, hannunsa na rawa, duk rawar da ya yi mota ta yi shaƙuwa. Na ce ya huta, ya ce in ya huta ita ma za ta huta. Ina satar kallonsa, gumi na bin wuyan rigarsa, leɓensa na motsi. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na yi masa tsawa a Kagoro.

Tun kafin ka ga Kachia hancinka zai gaya maka ka iso. Lokacin tonon citta ne, an shanya ta ko'ina, a ƙofar gidaje, a kan duwatsu, har gefen kwalta. Garin kauce wa shanyar wani na sauka gefen titi, mota ta yi gargada, hannun Baba ya kuɓuce. Sai wani wari kamar ana ƙona roba. Ta gangara a hankali ta tsaya a gaban jerin shagunan kayan mota, kamar ta san inda za ta mutu. Wannan karon ko fitila ɗaya ba ta kawo ba, turi ma ba zai yi amfani ba.

Na ce alhamdu, Allah ya ajiye mu a bakin masu gyara. Na shiga neman mai gyaran wayar mota. Rumfar farko a rufe, na tambaya, ya tafi tonon citta. Ta biyu, ya tafi tonon citta. Ta uku an ce ya tafi taya surukinsa tonon citta. Mu a Kafanchan makaniki ba ya rufe rumfa sai rasuwa ko ranar Lahadi, a can kuwa in citta ta nuna ko motar sarki ce sai ta jira. Gaisuwar ma ba a tambayar yara sai an tambayi citta.

Shago ɗaya ne a buɗe, na wata mata kakkaura mai murya kamar lasifika, ana ce mata Maman Ishaku. Ta fito ta zagaya motar, hannu a ƙugu.

"Kai! Motan nan ya ga duniya. Baba, sannu. Ina za ku da shi?"

Na ba ta labari. Ta ce ita ma uwarta haka ta yi kafin ta rasu. Ta shiga ciki ta jawo wani kwali cike da tsofaffin suwic na hannu, ta zube su a cinyar Baba. Ya dinga shafa su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga ƙafafunsu na maƙala waya da yatsa, har ya ɗaga wani ya ce wannan ɗan gidansu ne. To suwic ya samu, mai ɗaurawa ne babu. Wani ɗan acaba da ya tsaya kallo ya ce abu mai sauƙi, a fizgo wayoyin a haɗa su kai tsaye, mota ta tashi. Baba ya ce a'a. Warin nan da muka ji alama ce wani abu ya narke, in aka haɗa waya tsirara a kai gobara ake nema, kuma shingen gaba in suka ga wayoyi na reto ɓarayin mota za su ɗauke mu.

Ana cikin haka Danjuma ya kira. Da ya ji inda muke ya hau faɗa: mu bar akwalar nan a nan, mu hau acaba, ƙauyen ai ba nisa. Na kira Laraba, ta ce yau ma ruwa kawai Mama ta kurɓa, ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ƙarfe ne fa! Gwaggo na can tana ƙarewa, mu muna nan muna jinyar ƙarfe. Mu tafi kawai."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rifkatu, in na shiga gidan nan da ƙafa, baƙo ɗaya na ƙara mata. Na gwada, kin sani." Ya juya suwic ɗin a tafin hannunsa. "Aikin nan na yi shi ba sau ɗaya ba. Sanin yana nan, ido da hannu ne babu. Ke kuma kina da su."

Na ce ni da ko fitilar gida ban taɓa canjawa ba? Maman Ishaku ta ce, "Malama, kina ɗinki? Kina cire ƙaya a kifi? To shi ke nan, za ki iya." Amma rana ta riga ta yi sanyi, Baba ya ce ba a taɓa waya a duhu-duhu, sai da safe. Wannan jinkirin ya fi komai ci mini rai a duk tafiyar.

Maman Ishaku ba ta ko tambaye mu inda za mu kwana ba, ta kulle shago ta ce mu tashi. Gidanta na bayan kasuwa, tsakar gidan cike da mata suna tsaga citta da ƙananan wuƙaƙe. Aka kawo mana gwaten acca da yakuwa, ya yi daɗi ƙwarai, sai dai da citta a ciki. Aka kawo kunu, da citta. Shayin da aka ba Baba kuwa, kurɓa ɗaya ya yi ya ce ya ji har idonsa na neman buɗewa. Mu a gida ɗan ƙamshi muke sa ta, su kuwa kamar da gayya. Don kada in zauna ina tunani na karɓi wuƙa na taya su tsagawa, na manta na sosa ido. Hawayen da nake ɓoyewa tun rana suka samu dalili, na yi kukana a fili, matan suna ta ba ni haƙuri a kan citta.

Da gari ya waye muka koma wurin mota. Maman Ishaku ta ba ni sukundireba da sifana, ta shimfiɗa mini kwali, ta ara mini wandon mijinta na sa a ƙarƙashin zani. Baba ya zauna a kujerar gefe ya gyara murya kamar zai yi wa'azi.

"Kafin komai, buɗe bonet ki cire kan batir, baƙin. Wanda bai cire ba ya taɓa suwic, shi da Allah."

Na cire. Ya sa na kwance murfin roba da ke ƙarƙashin sitiyari, na mayar da makulli inda ake kashewa. Sannan na kwanta rigingine, kaina wajen birki, ƙafafuna a waje. Kafin in ankara 'yan kallo sun taru. Maman Ishaku ta tsaya a bakin ƙofar ta baje jikinta ta rufe ni ruf, ta ce duk wanda bai taɓa ganin mace na aiki ba ya je gona ya gani.

Na haska da waya. Ga suwic ɗin can a bayan gidan makulli, baƙi, gefensa ya narke, wayoyi huɗu sun shiga bayansa. Baba ya ce in lura da launin kowace da inda take kafin in cire. Na ce, "Baba, duk ja ne."

Sai ya yi 'yar dariya. Wai shekarun baya ɓera ya cinye wayoyin, shi ya sake su da kansa, kuma jar waya kaɗai ya samu. "Lokacin ina da ido, na san kowace da fuskarta."

"To ni yanzu yaya zan san fuskarsu?"

Maman Ishaku ce ta sunkuyo ta warware zaren kitso daga kanta. Ta ce in ɗaura wa kowace waya: ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, haka har ta huɗu. Baba ya ce madalla, ko shi zai iya karanta wannan. Na ɗaura, na zare wayoyin. Ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe da suwic ɗin, a wani lungu da sai ka karya wuya kake ganinsu. Na farko ya fito lafiya. Na biyu ya kuɓuce, ya bugi goshina, ya ɓace. Muka ɗaga kafet, muka kakkaɓe kwali, 'yan kallo suka durƙusa suna tona ƙasa. Maman Ishaku ba ta da irinsa. Ƙarshe ta fasa wata tsohuwar sifika ta ciro maganaɗisu, aka ja shi a ƙasan mota, ya kwaso ƙusoshi da murafun kwalba da wata allura, ga ɗan banzan a tsakiyarsu.

Na ciro tsohon na miƙa wa Baba, ya sansana ya ce Allah ya tsare mu jiya. Sabon yana da ɗan rami a tsakiya, gidan makulli kuma yana da ɗan harshe da zai shiga ramin. Baba ya ce kada in tilasta, in juya a hankali har in ji ya zauna. Na ji ya zauna. Na ɗaure sukurori, na mayar da wayoyi ina bin ƙulli, na fito wuyana ya sage, na mayar da kan batir. Baba ya ce in murɗa.

Fitilu suka kawo, tsohon rediyon motar ya kama magana, inji ya juya da ƙarfinsa. Na saki ajiyar zuciya. Amma juyawa kawai yake, ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Nan fa kowa ya zama injiniya: wannan ya ce mai ne, wancan ya ce fulogi, wani ya ce suwic ɗin ma mataccen ne. Maman Ishaku ta ce kayanta ba ya mutuwa. Ni kuwa na fara lissafin acaba.

Baba ya ɗaga hannu. "Ku yi mini shiru. Sake murɗawa." Na murɗa. Ya karkata kai. "Kin ji? Mutumin nan na rediyo bai yi shiru ba."

Na ce to ina ruwanmu da shi? Ya ce da ruwanmu. In ana tayar da mota, suwic yakan ɗauke wa rediyo wuta ya ba inji. Tunda rediyo na surutu inji na jin yunwa, na ba kowa abincin ɗan'uwansa. Ya miƙo hannu ya laluba bayan suwic ɗin yana shafa zaren, ya ce mai ƙulli biyu da mai ƙulli uku sun yi musanya. Sai na gane abin da ya faru: da na ɗaura zaren a kwance nake, da na zo mayarwa wuya ya dame ni na juya na durƙusa, hagu ta koma dama. Na sake cire kan batir, don ko ban tuna ba Baba ya tuna, na musanya su, na mayar.

Na murɗa. Rediyo ya yi tsit, inji ya juya, ya kama. Salansa ta saki kukanta, na ɗaga ƙafa ta yi tarinta. Maman Ishaku ta rangaɗa guɗa har wani akuya ya tsinke igiya. Na kashe da gangan na sake tayarwa, ta tashi bugu ɗaya. Baba ya lalubo kaina ya dafa. Muka yi sallama a gurguje, Maman Ishaku ta cusa mana ƙullin citta a but, ta ce wandon in riƙe sai mun dawo.

Daga Kachia muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa. Ramuka sun fi na jiya, amma fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ni dai addu'ata ɗaya, kada mu sha wannan wahala mu tarar ta manta da motar ma. Da muka kusa kwanar gidan Baba ya ce in rage, in sa giya biyu, in ɗaga ƙafa. Na ɗaga, mota ta yi tari. Ya ce in sake. Na sake.

Mun tarar sun fito da Gwaggo inuwar mangwaro a kan tabarma, an jingina ta da filo. Na tsorata da ganinta, ta zama ƙashi da fata. Laraba na gefenta da kofi a hannu. Na tsaya ban kashe ba. Sai na ga kan Gwaggo ya ɗago, tana juya shi kamar mai neman inda ake kiranta. Ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji:

"Yakubu ne. Ku buɗe masa zana, Yakubu ya zo."

Laraba ta saki kofin ta toshe baki. Na riƙo Baba na kai shi, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Yaya, ni ne." Ta shafa fuskarsa ta ce ya yi furfura da wuri, aikin asibitin nan zai kashe shi. Sannan ta juyo ta dube ni. Ta kama hannuna, ta ga baƙin mai a farce da tafin hannu, ta harari Baba.

"Hannatu, har yanzu yana sa ki tura masa mota?"

Hannatu mahaifiyata ce. Ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ma ta zo jana'izar. Na buɗe baki zan gyara mata, Baba ya matse mini hannu. Sai na ce, "Har yanzu, Yaya."

Ta juya wajen Laraba da 'ya'yanta da suka kewaye mu. "Ku baƙin nan, kuna zaune a gidan mutane ba ku da amfani? Matar ƙanena ta sha hanya, ku kawo abinci." Laraba ta ruga da gudu, ta dawo da kwanon gwate mai ɗumi da cokula. Gwaggo ta ture cokulan ta tura mini kwanon. Na ce, "Yaya, ni ba na ci ni kaɗai a gidanki, kin sani." Ta ce ai kuwa, ina nan da halina. Ta sa hannu.

Lomar farko da ƙyar ta wuce. Na ci, ta ci. In na tsaya ta tsaya, don haka ban tsaya ba, ina ci hawaye na zuba a kwanon. Baba na gefe ya kasa kunne yana sauraron haɗiyarta. Can ta ɗago ta leƙa bayana, kamar mai neman goyo.

"Ina jaririyar? Ina Rifkatu?"

Na ce, "Tana lafiya, Yaya. Ta yi wayo."

Ta gyaɗa kai ta ƙara ɗibar gwate. "Ki kula da ita sosai. Yakubu ba zai daɗe da ƙarfi ba, ita ce za ta riƙe shi."

Na ce to, zan gaya mata. Na matsar da kwanon kusa da ita, muka ci gaba da ci har ya ƙare.